Talhatanar da Na Yi wa Baya

Ni ba ɗan maƙera ba ne. Ubana manomi ne, kakana ma haka, a wani ƙauye kusa da Falanko cikin ƙasar Damargu, inda in damina ta yi kyau gero yakan ishe mu har mu sayar wa Buzayen Abzin. Saboda haka da na fara zama gindin aduwar ƙofar gidanmu ina goga tsakuwa a kan dutse, babu wanda ya ɗauki abin sana'a, ni ma ban ɗauka ba. Ban taɓa sayar da ko guda ba. Yayana yakan wuce da jakinsa ya ce, "Sannu da aiki, sarkin tsakuwa," in ce masa yauwa, in ci gaba da abin da nake yi. Masu lissafin Nasara sun gaya mini daga baya cewa shekarun alif ɗari tara da ashirin da 'yan kai ne. Mu dai abin da muka sani a lokacin shi ne hanya ta yi lafiya, ayari ya dawo.

A Tarka na kwaso wannan jaraba. Kowane rani ina kai gero kasuwar can, kuma akwai wani tsohon maƙerin Buzaye da ke kafa rumfar tabarmi a gefen masu raƙuma. Wata rana na tsaya shan inuwa a wurinsa, sai na ga ya ɗauko wani fallen koren dutse marar kauri, wanda in ka matsa shi da yatsa biyu zai karye, ya manna shi a kan wani baƙin dutse, ya ajiye. Na ce masa wannan kuma na mene ne.

"Marar ƙarfi ne," in ji shi, da irin Hausarsa ta kasuwa. "Ina yi mishi baya. In yana da baya, sai ka goge shi yadda kake so."

Na yi masa tambaya ta biyu da ta uku. A ta huɗu ya ce in zan zauna in zauna, in daina tare masa haske. Na zauna har kasuwa ta watse. Ranar ban sayar da rabin gerona ba.

Aikin ba shi da wani asiri, haƙuri kawai yake ci. Da fari za ka goge fuskar fallen ta ƙasa har ta kwanta sumul. Ka sami baƙin dutsen nan na Abzin, mai taushi, wanda suke sassaƙa abin damtsen maza da shi, ka goge shi ma. Ka narka ƙaron dashi da kakin zuma da garin gawayi a kasko, ka ɗumama duwatsun biyu kusa da garwashi, ka shafa, ka haɗa su, ka danne da wani abu mai nauyi su kwana. Kashegari sun zama ɗaya. Sai ka liƙa su a kan ɗan itace kamar tsawon yatsa don ka sami abin riƙo, ka shiga guga da ruwa, kana juya hannu, har saman ya yi doro kamar bayan kunkuru. A fara da dutse mai kaushi, a koma na wasa aska, a ƙare da toka a kan fatar akuya. Nan ne launi yake fitowa, kuma nan ne mutum yake manta yana da gida.

Farkon wanda na yi ni kaɗai, na ga neman dashi wahala ne, ga ƙaron ɗakwara birjik a bayan gari, sai na manna da shi. Ya kama kuwa. Ina zuba ruwa na fara guga, sai dutsen da bayansa suka sulale suka bar ni da itace a hannu. Da na ba tsohon labari ya yi dariya har rawaninsa ya zame. "Bahaushe," ya ce, "ƙaron da kuke jiƙawa ku zuba wa tawada za ka riƙe dutse da shi?" Tun daga ranar bai ƙara kirana da wani abu ba sai Bahaushe, ni kuma ina ce masa Baba.

Duwatsu ba su yi mini wuya ba. Makiyaya suna tsintar ɓallin duwatsu masu launi a arewa, inda iska ta yaye rairayi, su kawo mini in ba su taba. Akwai kore, akwai ruwan zuma, akwai fari mai jijiya. Har fasasshiyar kwalbar soji na goge. Abin da ya yi wuya shi ne ruwa. Da rani rijiyarmu tana da nisa, tana da zurfi, kuma ba ni nake zuwa ba. Matata ce take zuwa, ta fita da hantsi ta dawo rana tsaka da tulu a ka. Ba ta taɓa cewa kada in taɓa ruwan ba. Abin da ta yi shi ne ta ajiye mini wata tsohuwar ƙwarya, tana zuba mini ragowar ruwan wanke gero. Na gane abin da take nufi, na kuma yi kamar ban gane ba.

Ita 'yar makiyayan kwarin Tarka ce. Uwarta ta rasu a shekarar babbar yunwa tana ƙarama, gwaggonta ta riƙe ta a Ollelewa, can na gan ta. Abin da na sani ke nan, shekara shida muna tare. Ba mai yawan magana ba ce, ni kuma duk tambayoyina sun ƙare a kan dutse. Ba ta zo da komai na uwarta ba sai abu guda, talhatana, jan dutsen nan mai kusurwa uku da rami a sama, wanda matan arewa suke ratayawa. Tata ta tsufa, gefenta duk ya siɗe, igiya ta ci bakin ramin. Kullum tana wuyanta, cikin riga.

Akwai abin da take yi da ita wanda na gani ya fi sau ɗari. In ta dawo daga rijiya rana na tsakar ka, takan sauke tulu, ta tsaya a tsakar gida, ta ciro talhatanar ta kara a idonta na dama, ta ɗaga kai sama. Ba ta daɗewa, kamar a ja numfashi uku. Sai ta mayar da ita cikin riga ta shiga aikinta. Na ɗauka maganin ido ne irin na mutanensu, don kowace ƙabila da nata. Ban tambaya ba.

Wani rani igiyar ta tsinke tana sunkuye tana niƙa. Talhatanar ta faɗa kan dutsen niƙa, ɗan dutsen da take niƙa da shi ya bi ta kanta kafin ta tsayar da hannu. Ina waje na ji shiru ya yi yawa, na shigo. Tana durƙushe tana tsince jajayen ɓarɓashi daga cikin gari. Wajen ramin ya ruguje gaba ɗaya. Abin da ya rage mai girma guda ne, kamar faɗin farcen babban yatsa, gefe ɗaya ya ɓare a karkace, bakinsa da kaifi. Ba ta yi kuka ba. Ta share shi da bakin zane, ta ɗaga shi a ido wajen ƙofa, ta ce, "Alhamdu lillahi, da saura." Ta ƙulle shi a gefen zanenta.

A gaskiya abin da na fara ji ba tausayi ba ne. Murna ce. Shekara uku ina gugar tsintuwar makiyaya, ban taɓa samun dutse mai kyan wannan a hannuna ba, ga shi kuma ya karye daidai yadda zai yi aiki. Na bari kwana biyu suka wuce don kunya, sannan na fara lallashinta.

"Wannan ƙullin ba zai riƙe shi ba," na ce mata. "Ko ya yanke zanen ya faɗi a hanyar rijiya, ko ki zauna a kai ya ƙarasa."

"Ina kula da shi, Malam."

"Da ma kina kula da shi ya karye. Ki ba ni in yi mishi baya. In na gama Baba ya yi mishi gidan azurfa da abin rataya. Har jikokinki sai sun sa."

"Ba zai fashe ba?"

"A hannuna? Haba."

Sai da muka yi mako guda a kan haka. Ba ƙarya na yi mata ba, ƙullin ba zai riƙe shi ba. Ranar da ta kwance ta ba ni, ta riƙe hannuna da dutsen a ciki ta ce, "Shi kaɗai gare ni. Ka sani ko?" Na ce na sani.

Ban taɓa yin aiki da hankali kamar wannan ba. Matsalar ita ce ɓarewar da ya yi a karkace. Kafin ƙasansa ya kwanta daidai sai da na cinye fiye da rabin kaurinsa. Kwana huɗu ina yi, kaɗan kaɗan, ina dubawa. Na lura jan yana raguwa yayin da yake sirancewa, daga launin zoɓo ya koma kamar ruwan goro. Ban damu ba. Na san baƙin baya yana dawo wa dutse da launi, har ya ƙara masa, na gani a wasu. Na zaɓi mafi kyan baƙin da nake da shi, na tace ƙaron sau biyu, na haɗa su na danne da taɓarya. Bayan nan na yi kwana tara ina fitar da doron. A kwanakin nan ta daina ba ni ruwan wanke gero, tana ɗebo mini mai kyau daga randa. Ba ta leƙa aikin ba ko sau ɗaya. In ta dawo daga rijiya takan sauke tulu ta ɗan tsaya, hannunta ya je wuya ya dawo.

Ya fito. Ko yau in aka ce in nuna abin da na taɓa yi da hannuna, shi zan nuna. Ja ne mai zurfi, kana kallo kamar za ka tsoma yatsa. Na kai wa tsohon a Tarka, ya juya shi ya juya, ya lasa, ya goge a hannun riga, ya ce, "Bahaushe ya zama mutum." Ya kewaye shi da azurfa ta gefe, ya yi masa ɗan zobe a sama na igiya, ya bar bayan a buɗe, baƙin dutsen yana waje. Yayana ma da ya gani a hanya bai yi tsiya ba. Ya ce, "Kai ka yi wannan?" Na ce a'a, jakinka ne.

Na iso gida rana tsaka, tana sauke tulu ke nan. Na miƙa mata ina kallonta, don ina son in ga fuskarta. Ta goge hannu ta karɓa. Ta dube shi, ta ce, "Ma sha Allah." Sannan ta yi abin da na gani sau ɗari, ta kara shi a ido ta ɗaga kai.

Ta daɗe fiye da yadda ta saba. Ta juya shi ta ɗaya fuskar ta sake karawa. Ta matsa inda rana ta fi ƙarfi. Ni ina tsaye da buhu a kafaɗa, kuma tun kafin ta sauke hannu na gane. Dutsen da aka yi wa baya haske ba ya ratsa shi. Wannan shi ne abu na farko da duk mai wannan aiki ya sani.

"Ba a ganin komai," ta ce.

"Bayan ne. Shi ke riƙe da shi."

"To."

Ta zura igiya ta rataya, ta sa cikin riga. Ta ce sannu da hanya, ta kawo mini fura. Na zauna da ƙwaryar a gabana ban sha ba. Daga ƙarshe na yi tambayar da ya kamata in yi shekara shida da suka wuce. Na ce me take gani a ciki.

Ta ba ni amsa tana tankaɗe, ba ta dube ni ba. Ta ce a shekarar yunwa dabbobinsu sun ƙare, ita da innarta suka kamo hanyar kudu a ƙasa. Inna ta sayar da komai a hanya, har tabarma, ban da wannan. In rana ta take, ita yarinya ta fara kuka ta ce ba za ta iya ba, sai inna ta ciro talhatanar ta kara mata a ido ta ce, duba, ga shi sama ta yi ja, magariba ta kusa, saura kaɗan mu sauka. Ita kuma ta duba ta ga gaskiya ne, sama ja, rairayi ja, sai ta tashi su ci gaba.

"Na san dabara ce," ta ce. "Tun a lokacin ma ina jin na sani. Amma in na duba sai ƙafa ta yi sauƙi." Ta buga rariya a hannu. "Har bakin Ollelewa ta kawo ni da shi. Ita ba ta shiga garin ba."

Na ce zan cire bayan, abu ne na ɗumamawa kawai. Ta ce in an cire zai tsaya? Na so in ce zai tsaya. Amma na san abin da na yi masa, gefensa bai fi ɓawon albasa kauri ba yanzu. Na ce mata ba zai kai mako ba.

"To a bar shi," ta ce. "Ka yi ƙoƙari, Malam. Yana da kyau."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kasuwa ta gaba na koma Tarka ba tare da gero ba. Tsohon ya saurare ni har na gama, bai yi dariya ba. Ya ce shi ma bai tambaya ba, da ya kamata ya tambaya. Sannan ya ce baƙin dutsen yana da taushi, ana iya huda shi ta baya a bar masa gefe ya riƙe jan, kamar taga a bango. Ya ce hatsarin yana wajen ƙarshe, in basilla ta taɓa jan da ƙarfi shi ke nan. "Ni ba zan yi ba," ya ce. "Hannuna na rawa. Kai ka rufe, kai za ka buɗe."

Na gaya mata yadda abin yake, har da hatsarin, ban rage komai ba. Wannan karon ban lallashe ta ba. Ta yi kwana biyu tana tunani, rana ta uku ta ciro shi ta ajiye mini a kan fatar akuya ta wuce rijiya.

Kwana shida na yi. Na kwantar da shi a kan kaki, fuska ƙasa, ina murza bakin basilla da yatsa biyu, ina ɗiga ruwa, ina hure garin. Ba na yi sai da safe, lokacin da hannu yake da sanyi. Yayana ya zo ya tsaya a kaina, ya buɗe baki, ya ga fuskata, ya tafi. Da na kusa sai na ajiye basilla na koma ƙayar aduwa, ina kankare ƙaron da ita. Ranar ta shida wani ɗan haske ya ɓullo a ƙasan ramin. Na faɗaɗa shi har ya kai girman ƙwayar wake, na tsaya. Bai fashe ba. Ban kara shi a idona ba, na ga ba nawa ba ne in fara dubawa.

Na jira ta dawo. Ta sauke tulu, ta ga abin da ke hannuna, ta goge hannu ta karɓa. Ta tsaya inda ta saba tsayawa, ta kara shi a idon dama ta ɗaga kai. Na ga ɗigon haske ya sauka a kan fatar idonta, sai a lokacin na tuna da launin ruwan goron nan da na gani ranar da nake cin kaurinsa. Ɗigon ba ja ba ne. Rawaya ne, fes, mai haske.

Ta yi numfashinta uku. Ta sauke hannu.

"Ana gani?" na ce.

"Ana gani."

"To?"

"Hantsi ne, Malam," ta ce. "Da sauran tafiya."

Ta rataya shi ta sa cikin riga. Ta leƙa randa ta ga ba ta cika ba, ta juye tulun a ciki, ta gyara gammo, ta sake kama hanyar rijiya.